Mataki Biyu Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya Mirkomil ya yi yana kaɗa wa Latofat Sodikova fiyano, kuma tara daga cikin shekarun nan ƙarya yake yi mata da yatsunsa goma. Bai taɓa furta ƙaryar da baki ba, shi ya sa yake cin abincinsa ya yi barcinsa kamar kowane mutumin kirki. Da an bar bikin cikarta shekara sittin yadda aka tsara shi tun farko, a ƙaramin zaure, ita da shi da fiyano, da har yau babu abin da zai faru. Sai ana saura kwana takwas aka aiko da takarda cewa don girmamawa an mayar da bikin babban dandamalin gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo cikin waƙa, kuma makaɗan gidan ne za su raka ta, su sittin da biyu. Latofat ta karanta takardar sau biyu, ta sumbace ta. Mirkomil ya karanta sau ɗaya, ya fara ƙirga kwanakin da suka rage masa.

Wanda bai san Latofat ba a birnin Tashkent, ko dai baƙo ne ko kurma. 'Yar manoman auduga ce daga wani ƙauye a kwarin Fargona. Tana da shekara goma sha shida, a lokacin cirar auduga, tana rera waƙa don ta manta da ciwon baya, wani malamin makarantar kiɗa da aka turo da ɗalibansa taya aiki ya jiyo ta daga can ƙarshen gona. Kwana uku ya yi yana shan shayin mahaifinta kafin tsohon ya gaji da shi ya ce ya tafi da ita. Ta yi shekara biyar tana karatu, aka tura ta Italiya ta ƙara guda, ta dawo da takalma masu tsini da zagi iri biyu da har yau take yi wa direbobin tasi. Daga nan ta yi shekara ashirin da tara a kan dandamali. Ita da kanta ta ƙirga ta ce ta mutu a gaban jama'a sama da sau ɗari huɗu, da wuƙa, da guba, da tarin fuka, da tsabar baƙin ciki, kuma babu mutuwar da ta hana ta tashi ta cinye farantin shinkafar osh da ƙarin nama.

Amma abin da ya sa mata suka riƙa raɗa wa 'ya'yansu sunanta waƙa ɗaya ce, waƙar masaƙiya, daga wani wasa da wani ɗan garin ya rubuta tun kafin a haifi Mirkomil. Yarinya ce zaune a gaban masaƙa tana jiran saurayin da ya bi ayari bai dawo ba. Waƙar tana farawa a ƙasa, tana hawa mataki-mataki kamar tsani, har ta kai wani amo can ƙololuwa da mace ɗaya cikin ɗari ke iya taɓawa. Latofat ba taɓa shi take yi ba, zama take yi a kansa, har sai hannun jagoran makaɗa ya gaji da riƙe sanda a sama.

Tana da hamsin da ɗaya ta ajiye manyan wasanni, ta koma ƙananan taruka, ita da Mirkomil, yau Samarkand gobe Buhara, zauren malamai, zauren ɗalibai. A Namangan abin ya fara. Da rana suna gwaji ya ji amon nan na ƙololuwa ya yi 'yar tsaga, siririya, irin wadda ake ji in an ƙwanƙwasa finjalin da ya taɓa faɗuwa. Ita ta ɗora wa mura laifi. Da yamma, da suka zo kan waƙar masaƙiya, hannunsa ya matsa hagu da mataki ɗaya, ya kaɗa mata waƙar duka a ƙasa da inda aka rubuta ta. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ta haye tsanin nan a guje, ta zauna a sama kamar da, zaure ya kusa rushewa da tafi. A bayan labule ta kama kafaɗunsa tana girgiza shi, tana cewa muryar ta dawo kamar ta 'yar ashirin. A nan ne ya kamata ya buɗe baki. Ya kalli fuskarta ya kasa.

Ƙarya kuwa kamar akuya take, in ka sayo ta sai ka riƙa nemo mata dusa kullum. Akwai fiyano a gidanta wanda suke aiki da shi kowace safiya, kuma takan taɓa shi da kanta ta ɗauki amo. Saboda haka ranar da ta tafi ƙauye ziyarar kabarin mahaifiyarta, Mirkomil ya ɗauko tsoho Pak mai gyaran fiyano, ya roƙe shi ya sassauta wayoyin duka da mataki ɗaya. Pak ya ce shekara arba'in yana gyaran fiyano, ba a taɓa kiransa ya ɓata ɗaya da ladabi irin wannan ba. Amma ya yi, don shi ma yana cikin masu tsayawa cik a titi in rediyo ya sa waƙar masaƙiya. Don fiyanon waje kuma, Mirkomil ya zauna ya sake kwafe duk waƙoƙinta da hannu a littattafai masu koren bango. Bayan shekara huɗu tsagar ta sake fitowa, Pak ya sake zuwa, aka sake sayo koren littafi. Mataki biyu ke nan.

Wani zai ce yaya za a yi babbar mawaƙiya ta kasa ganewa. Latofat ba ta da irin kunnen nan da ke jin amo ya faɗi sunansa. Da maƙogwaro take auna waƙa, kuma maƙogwaron yana tsufa waƙar tana sauka tare da shi, sai nauyin ya zama ɗaya. Tsofaffin faya-fayenta kuwa ba ta saurare, in rediyo ya sa sai ta kashe, ta ce yarinyar nan ihu kawai ta iya. Masu irin wancan kunnen, wato rabin malaman makarantar kiɗa, sun sani sarai, suka yi gum, don babu mai son a ce shi ne ya gaya wa Latofat. Ko a makon da ya wuce ta shaida wa wata 'yar jarida cewa inda ta rera waƙar masaƙiya tana da shekara ashirin da biyar, nan take rera ta yau, ko taku ɗaya ba ta sauka ba. Aka buga da manyan baƙaƙe. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa. To yanzu ga ƙasa an kawo, da makaɗa sittin da biyu a kanta, kowa da takardarsa yadda mai waƙar ya rubuta. Ranar Alhamis da safe za a yi gwaji da su, Lahadi a yi biki.

Ranar Litinin Mirkomil ya sa kwat ɗinsa na fita kunya ya tafi wurin Doniyor, jagoran makaɗan gidan. Doniyor bai wuce talatin da biyar ba, ya yi karatu a Jamus ya dawo da gashi har kafaɗa, abin da ya sa tsofaffin gidan suka yi shekara guda suna jiran ya yi kuskure, ya ƙi yi. Ya tashi tsaye da hannu a ƙirji, ya ba Mirkomil kujerarsa, ya saurari labarin duka bai katse shi ba. Sannan ya ce sauke waƙa ba abin kunya ba ne, duk wata sai ya yi wa wani, kuma masu kwafe takardu za su gama cikin kwana biyu. Mirkomil har ya fara sakin numfashi. Sai Doniyor ya jawo babban littafin da yake dubawa in yana jagora, ya buɗe shafin farko, ya nuna masa kusurwar sama. Ya tuna masa cewa a gidan nan ba a taɓa matakin waƙar mawaƙi sai shi mawaƙin ya rubuta a wannan kusurwa da kansa, ya sa hannu.

Mirkomil ya san dokar, ya ma fi Doniyor sanin ta, don yana nan aka kafa ta, bayan wani jagora ya ɗaga wa wani mawaƙi waƙa a ɓoye don ya kunyata shi a gaban baƙi, a kan rigimar da ba ta shafi kiɗa ba. Ya ce ai wancan mugunta ce, wannan kuwa rufin asiri. Da ya ga hakan bai yi ba, ya ce ya ji labarin mahaifiyar Doniyor a kafaɗa take ɗauko shi yana yaro don ya ji Latofat.

"Gaskiya ne, yaya Mirkomil, shi ya sa ma ba zan yi ba," in ji Doniyor. "Kai yatsu goma gare ka, kuma ba sa magana. Ni bakuna sittin da biyu gare ni, kowanne da mata ko miji a gida. Kafin azahar ɗin Alhamis masu sayar da gurasa a kasuwa sun ji cewa an sauke wa ustoz Latofat waƙa ita ba ta sani ba. Ka fi so ta ji daga bakinsu?"

Ya raka shi har bakin matakala, ya ce ko ranar Alhamis ta sa hannu ba a makara ba.

Talata Mirkomil ya je gidanta da niyya, ya tarar da tela a durƙushe da allurai a baki tana kafe mata rigar alharini ta atlas, Latofat tana juyi a gaban madubi tana tambayarsa ko jan ya yi mata yawa. Ya ce bai yi ba, ya sha shayi ya fito. Matarsa Sabohat ta san maganar tun Namangan, kuma tun Namangan take gaya masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ya dawo ba ta tambaye shi yadda aka yi ba, fuskarsa ta riga ta faɗa. Ta ɗauko ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da makaɗa ke bugawa su ji amon gaskiya, ta sa masa a aljihun kwat, ta ce in bakinsa ya kasa, wannan ba ya jin kunyar kowa.

Laraba da hantsi ya sami Latofat a tsakar gida, a kan gadon katako ƙarƙashin rumfar inabi, da gyale a wuya duk da zafin rana, tana ɓare rumman. Ta dube shi ta ce ya shigo da fuska kamar wanda aka aiko da saƙon rasuwa, in Sabohat ce ta kore shi to ta yi daidai, ta ma makara. Ya ce yana so ta shigo ɗakin fiyano ya nuna mata wani abu.

Ya buga ƙarfen a gwiwarsa, ya kafa gindinsa a kan murfin fiyano, amon ya cika ɗakin, siriri, a tsaye. Sannan ya danna madannin da ya kamata ya ba da wannan amon daidai. Abin da ya fito yana can ƙasa, ko kusa bai kamo shi ba. Ta ce fiyanon ya lalace, a kira Pak. Ya ce Pak ne ya yi, kuma shi ya sa shi. Ya ajiye koren littafi a kan murfin, ya ajiye tsohuwar takardar waƙar masaƙiya ta asali a gefensa, ya buɗe su duka a shafin farko. Latofat ta sa tabarau. Kunnen ne ba ta da shi, amma karatun kiɗa ba wanda zai koya mata, kuma ba ta yi minti ɗaya tana dubawa ba ta cire tabarau ɗin.

"Biyu," ta ce.

"Biyu, opa," ya ce, wato yaya, yadda ya saba kiran ta.

"Tun yaushe?"

"Ɗaya tun Namangan. Na biyun shekara biyar ke nan."

Ya shirya wa ihu. Ya san ihun Latofat, ya taɓa gani ta jefi wani darakta da takalmi daga kan dandamali, ta kuwa same shi. Da ta yi masa haka da ya ji sauƙi. Sai kawai ta koma tsakar gida ta zauna, ya bi ta ya tsaya a gefen gadon. Ta tambaye shi su wa suka sani, ya faɗa, tana gyaɗa kai a kan kowane suna. Ya fara bayani, cewa tausayi ne, cewa ya ga da waƙar nan take rayuwa, cewa Doniyor zai sauke mata cikin mutunci in ta sa hannu, ba wanda zai lura a cikin jama'a. Ta ɗaga hannu, ya yi shiru.

Ta tuna masa ranar da shugaban gidan opera na wancan lokacin ya zo har wannan tsakar gidan, shekara takwas da suka wuce, da kwandon tuffa, yana roƙon ta dawo ta riƙa fitowa a uwa, a tsohuwar sarauniya, a mai duba, duk matan nan masu murya ta ƙasa da gidan ba shi da mai yi musu adalci. Mutumin ya ce mata ya ji muryarta tana ƙara kauri daga ƙasa. Ita kuwa ta kore shi da tuffansa, ta ce ya je ya nemo kakarsa ta yi masa, ita har yanzu samanta yana nan, ga shaida tana ji kowace safiya a fiyanonta.

"Kana nan a wurin, kana gyaɗa kai," ta ce, sannan ta kira shi da sunansa na gida. "Ka hana ni tsufa, Komiljon. Kowa a garin nan an bar shi ya tsufa, har karen maƙwabta."

Ta jawo butar shayi. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa zuba masa abin da ya wuce kurɓi uku ba, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe a yi ta ƙara masa. Ranar ta cika finjalin har baki, alamar sallama, ta miƙa masa cikin ladabi. Ya shanye a tsaye yana ƙona masa harshe, ya fita. Maganar sa hannu kuwa ba ta ce masa eh ko a'a ba.

Alhamis ƙarfe goma makaɗa suka zazzauna. Mirkomil ya shigo ta ƙofar baya ya zauna a kujerar ƙarshe ta zauren, inda haske bai kai ba. Bai san ko za ta zo ba, rabin zuciyarsa yana addu'ar ta aiko cewa mura ta kama ta. Ta zo, cikin tsohuwar rigar sanyi, da jakarta ta zuwa kasuwa. Makaɗa suka tashi tsaye. Doniyor ya sauko ya gaishe ta, ya buɗe mata littafin a shafin farko, ya miƙa mata alƙalami a ƙasa-ƙasa yadda na baya ba za su gani ba. Ta mayar masa da alƙalaminsa, ta ce a kaɗa mata waƙar masaƙiya yadda marigayi ya rubuta ta. Doniyor ya waiga ya nemi Mirkomil da ido bai gan shi ba, ya ɗaga sanda.

Rabin farko ya tafi lafiya, har Mirkomil, da wautar mai ƙauna, ya fara tunanin ko za a ga abin al'ajabi. Sai hawan ya fara. Ya san kowane mataki, ya san inda take satar numfashi, ya hango jijiyar wuyanta ta miƙe tun saura uku. A na kusa da ƙarshe muryar ta sirance ta bushe. A na ƙarshen ta karye gida biyu, abin da ya fito ba waƙa ba ce, irin ƙarar da ƙofa mai tsatsa ke yi ce. Masu goge suka ci gaba da riƙe amon su kaɗai na ɗan lokaci, gurbinta a sama babu kowa, sannan Doniyor ya sauke hannu. Nan take mutum sittin da biyu kowa ya sami wani abu mai muhimmanci da zai duba a takardarsa.

Latofat ba ta motsa daga inda take ba. Ta buɗe jakar kasuwa, ta ɗauko hankici, ta goge baki, ta ce ta gode, dama kunnenta ne yake so ya ji, ya kuwa ji. Sannan ta tambayi Doniyor ko takardun waƙar uwa suna nan kusa.

Waƙar uwa tana can ƙarshen wasan, bayan masaƙiya ta mutu, uwarta ta zo da almakashi za ta yanke yadin da ba a gama ba daga kan masaƙa. Minti huɗu ce, duk a ƙasa, babu wurin nuna bajinta ko ɗaya. Duk tsohuwar da aka samu a gidan ita ake ba wa, kuma a lokacin ne jama'a ke yin tarinsu suna laluben huluna. Doniyor ya tambaye ta cikin ladabi ko ta taɓa rera ta.

"Ban taɓa ba. Amma na ji ta sau ɗari da tamanin ina kwance a mace a gindin masaƙar, ido a rufe," ta ce. "Ba wanda ya kai gawa saurare. Kwana uku sun ishe ni. Kai dai ka ba ni mai fiyano, Doniyorjon, wanda ba ya tausayina."

Wasu makaɗa suka yi dariya, dariyar samun sauƙi. Aka ba ta Kamola, mai fiyanon gidan da ta yi suna wajen sa manyan maza kuka a ɗakin gwaji. Mirkomil ya jira har aka koma kiɗa, sannan ya fita ta inda ya shigo. Maganar da ta yi kan mai fiyano ta fi karyewar amon yi masa zafi, kuma ya ji kunyar hakan.

Juma'a Pak ya buga masa waya ya ce Latofat ta kira shi ya ɗaure wayoyin fiyanonta yadda suke tun asali, biyu sun tsinke a hannunsa, ita kuma ta tsaya a kansa har ya gama. Asabar aka kawo ambulan gida, tikiti biyu a ciki, layi na shida, tsakiya, babu ko kalma ɗaya a rubuce.

Ƙarfe biyar na yammacin Lahadi aka fara. Mirkomil bai taɓa zama ta wannan gefen ba in Latofat za ta yi waƙa. Ƙeyarta ya sani da kafaɗarta, numfashinta ma daga motsin riga yake gane shi. Aka yi jawabai, aka yafa mata alkyabba mai zaren zinariya, ɗalibanta suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace tana ƙoƙarin ta fi ta gabanta hawa sama. Da aka zo ƙarshe aka sanar da waƙar uwa, zauren ya ɗauki gunaguni, wani dattijo a bayansu ya ce shi fa don masaƙiya ya taso tun daga Chirchik. Ta fito ba da jar atlas ɗin ba, da wata shuɗiyar riga mai duhu da Mirkomil ya sani tun zaman makokin mijinta.

Ta buɗe baki, sai ya ji muryar da bai sani ba, shi da zai iya rantsewa babu lungun maƙogwaron nan da bai shiga ba. Murya ce mai kauri, mai ɗumi, ba ta hanzari, ba ta roƙon kowa ya so ta. Latofat ba ta ɗaga hannu ba, ba ta taka ko'ina ba. Ta tsaya tana gaya wa 'yarta cewa yadin ya yi kyau, zaren bai karkace ba, za ta yanke shi a hankali don kada ya warware. Dattijon Chirchik ya daina motsi. Minti huɗun nan ba wanda ya yi tari, Sabohat tana kuka a fili ba ta ko share hawayen. Da ta gama an ɗan jima kafin wani ya tuna cewa ana tafi, sannan zauren ya tashi tsaye gaba ɗaya, masu goge suna bubbuga sandunansu a kan madogaran takardu.

Farin ciki ne ya fara kama Mirkomil, tsantsarsa, don ta tsira, ba ta kunyata ba. Yana cikin tafin sai matan nan suka faɗo masa a rai ba tare da ya kira su ba, uwa, tsohuwar sarauniya, mai duba, duk waɗanda mai kwandon tuffa ya ambata. Wannan muryar ba a kwana uku aka yi ta ba. Ya ci gaba da tafawa don kowa yana yi.

A bayan dandamali layi ne har matakala, furanni sun cika teburi sun sauko ƙasa. Ya so ya juya, Sabohat ta tura shi gaba. Da ya iso Latofat ta dube shi, babu fushi a fuskarta, gajiya ce kawai da sauran kwalli. Ya ce bai taɓa jin abu irin wannan ba. Ta ce ita ma haka. Ta ce Doniyor ya roƙe ta ta fito a uwar cikin cikakken wasa in an shiga sabuwar shekara, ta yarda, amma ta gaya masa kada ya yi dogon shiri da ita, numfashin ya fara tafiya, shekara biyu suka rage mata, uku in Allah ya yi sassauci.

"Shekara tara muryar nan tana tsaye a ƙofata tana sallama, Komiljon, kai kana ce mata ba na gida."

Ya ce ya sani. Ya ce in tana so zai zo gobe da safe su fara uwar daga farko, ya san wasan fiye da Kamola, kuma ba zai ƙara taɓa ko mataki ɗaya ba, ya rantse da gurasar da ya ci a gidanta.

Ta kama hannunsa na dama, ta juya shi ta dubi yatsun, ta sake shi a hankali.

"Na san don ƙauna ka yi, kuma na yafe. Ku zo cin osh ran Alhamis kai da Sabohat, ƙofa a buɗe take. Amma mawaƙiya ba ta ganin hannun mai fiyanonta, yarda kawai take yi ta fuskanci jama'a. Ni kuwa yanzu in kana bayana sai na riƙa waiwaye."

Wata mata da ke bayansa ta miƙo furanni ta saman kafaɗarsa, Latofat ta karɓa, shi kuma ya matsa gefe ya ba ta wuri.